Karatun Intanet Daga Gida: Su Wa Aka Bari A Bakin Ƙofa?

A watan Maris na 2020, da Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta ba da umarnin rufe makarantu saboda annobar korona, ba a yi wata guda ba aka ga yaran ƙasar nan sun rabu gida biyu. Manyan makarantun kuɗi na Abuja da Legas da wasu unguwannin Kano da Kaduna suka mayar da azuzuwansu kan Zoom da WhatsApp, malami na gidansa, ɗalibi na falon iyayensa, darasi yana tafiya ko da da ɗingishi ne. Yaran makarantun gwamnati kuwa, waɗanda su ne mafi rinjaye, mai gona ya koma gona, mai talla ta ɗauki farantinta, sauran suka zauna jiran ranar da za a buɗe. A watan Agusta na wannan shekara Asusun UNICEF ya fitar da ƙididdigar cewa aƙalla yara miliyan 463 a duniya, wato kusan ɗaya bisa uku na 'yan makaranta, babu wata hanyar karatu daga nesa da ta isa gare su, kuma a Yammaci da Tsakiyar Afirka adadin ya kai kashi 48 cikin 100. Lissafin ma ya haɗa da rediyo da talabijin ne. Da intanet kaɗai aka duba, da abin ya fi haka muni.

Korona ta wuce, amma maganar tana nan, domin duk shekara fiye da mutum miliyan ɗaya da rabi ke zana jarrabawar JAMB, mafi yawansu kuma ba sa samun gurbi a jami'a, ga miliyoyin ma'aikata da matan aure da 'yan kasuwa da karatunsu ya tsaya a sakandare ko difloma. Duk lokacin da aka tayar da wannan batu, amsar da hukumomi ke bayarwa ita ce karatu daga nesa ta intanet, wanda a cewarsu ba ya buƙatar aji ko ɗakin kwana, kuma kowa zai iya yi daga inda yake. Akwai gaskiya a cikin wannan magana, kuma ina cikin masu son tsarin ya yi nasara. Sai dai akwai abin da ba a cika faɗa ba. Makarantar da aka gina da bulo tana ɗauke wa ɗalibi nauye-nauye da yawa ba tare da ya lura ba: ita ke ba shi wurin zama da haske da allo, da lokacin da kowa ya san na karatu ne, da malamin da zai dubi fuskarsa ya gane bai fahimta ba, da abokin da zai ara masa littafi. Ranar da aka mayar da karatu kan waya, waɗannan nauye-nauye ba ɓacewa suke yi ba, ana sauke su ne a kan gidan ɗalibi. Gidan da ke da hali ya ɗauka ba tare da ya ji ba. Gidan da ba shi da hali, wanda dominsa ne aka ce an ƙirƙiro tsarin tun farko, shi ke durƙushewa.

Karatu daga nesa ba baƙo ba ne a wurinmu. Tun zamanin Turawa akwai malamai da akawuna da suka yi karatu ta wasiƙa da makarantun Ingila irin su Wolsey Hall, gidan waya na kawo musu darasi, su amsa su mayar. A 1976 aka kafa Cibiyar Horar da Malamai ta Ƙasa, wato NTI, a Kaduna, domin samar da malaman da shirin ilimin firamare na bai ɗaya ke buƙata, kuma dubban malamai sun sami takardar shaidarsu ta hanyar littattafanta da haɗuwar ƙarshen mako ba tare da sun bar aikinsu ba. Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa, wadda aka fi sani da NOUN, an kafa ta da doka a 1983 zamanin Shehu Shagari, gwamnatin soja ta dakatar da ita a 1984, sai a farkon shekarun 2000 gwamnatin Olusegun Obasanjo ta farfaɗo da ita, kuma a yau tana da cibiyoyin karatu sama da 100 a faɗin ƙasa. Jami'ar Ahmadu Bello da wasu tsofaffin jami'o'i su ma suna da cibiyoyinsu na karatu daga nesa. Abin lura shi ne, tsohon tsarin takarda ya nemi abu kaɗan daga ɗalibi: ya iya karatu, ya sami fitila, ya sami hanyar karɓar littafinsa. Littafi ba ya neman caji, ba ya ƙarewa a tsakiyar shafi, kuma mutum uku na iya karanta kwafi ɗaya. Sabon tsarin ya fi sauri nesa ba kusa ba, ya fi yalwar ilimi, amma sharuɗɗan shigarsa sun ninka.

Ina da 'yar'uwa, malamar firamare a wani ƙauye da ke da tafiyar kusan awa ɗaya a babur daga hedikwatar ƙaramar hukumarsu. Tana da takardar NCE, tana da yara uku, kuma ta yi rajistar digiri a wata jami'a da ke koyarwa ta intanet, domin ba ta da halin barin aiki da gida ta tare a birni shekara huɗu. Na kwana biyu a garinsu a makon da ake rufe karɓar jinga, na ga yadda ranarta ke tafiya. Da safe, kafin ta wuce makaranta, babban ɗanta zai kai wayar wurin mai caji a bakin kasuwa, wata rumfar kwano mai ƙaramin janareta da allon katako cike da soket, kowace waya an manna mata 'yar takarda da lamba. Wayar za ta yini a can, sai bayan la'asar a karɓo ta, wato rabin yini ke nan ajin nata yana hannun wani. Da ta dawo daga aiki akwai girki da wanki da yara, saboda haka karatu sai bayan isha'i. A cikin ɗaki babu sabis ko kaɗan. A tsakar gida, kusa da katangar gabas, idan ta ɗaga wayar sama sanda ɗaya ko biyu kan bayyana, nan take tsayawa da mayafinta, sauro na cizo, tana jiran shafi ya buɗe.

Samarin garin sun san inda sabis ya fi ƙarfi, wani tudu ne bayan filin ƙwallo, kuma da daddare za ka gan su jere a can fuskokinsu na haske. Matar aure ba za ta je can da ƙarfe goma na dare ba, kuma babu wanda ya san garin da zai ce ta je. A daren ƙarshe ta amsa tambayoyinta duka, ta danna maɓallin aikawa, abin ya yi ta juyawa har shafin ya mutu, da ta sake shiga sai ta tarar amsoshin sun goge. Ta juyo ta ce da ni, "Yaya, wallahi karatun ba shi ke ba ni wahala ba, na san amsar duka. Isar da ita ce ta gagare ni." A rajistar jami'ar, abin da za a gani a gaban sunanta shi ne ba ta yi jinga ba, kuma wanda ya duba daga ofis zai ɗauka sakaci ne.

Wannan labari ya tattaro kusan dukkan matsalolin wuri ɗaya, kuma hakan ba haɗuwar sa'a ba ce, domin haka suke zuwa. Sarƙa ce: sai da wuta ake caji, sai da caji waya ke aiki, sai da sabis data ke da amfani, sai da kuɗi ake samun data, sai da lokaci da natsuwa ake karatu. Zobe ɗaya ya tsinke, sauran duka sun tashi a banza. Shi ya sa shirye-shiryen da ke magance abu ɗaya tak, kamar rabon kwamfutocin hannu a makarantar da ba ta da wuta, suke ƙarewa a cikin kabad.

A fara da wutar lantarki. A 2021 Bankin Duniya ya ce 'yan Nijeriya miliyan 85, kimanin kashi 43 cikin 100 na jama'a, ba su haɗe da babban layin wuta na ƙasa, adadin da ya fi na kowace ƙasa a duniya. Waɗanda ke haɗe ma sun san yadda ake yi da su. A watan Oktoba na 2024 lalacewar manyan layukan da ke kawo wuta Arewa ta jefa jihohi da dama cikin duhu fiye da mako guda, Maiduguri kuwa ta shafe watanni masu yawa babu wuta bayan an tarwatsa turakun da ke kai mata a farkon 2021. Da can janareta ke cike giɓin, amma tun da aka cire tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayu na 2023, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 nan take, kafin ƙarshen 2024 kuma ta kai 1,000 a wurare da yawa. Ana kukan targaɗe sai ga karaya: mai caji ya ƙara kuɗi, mai shagon intanet ya ƙara, su kansu kamfanonin sadarwa da ke kunna turakunsu da dizal suka nemi ƙari, kuma a watan Janairu na 2025 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta amince musu da ƙarin da ya kai kashi 50 cikin 100 a kuɗin kira da data.

Batun data shi ne inda na fi ganin laifin masu tsara darussa, domin a nan suna da zaɓi a hannunsu. Awa ɗaya ta darasin bidiyo kai-tsaye tana iya cinye rabin gigabait ko fiye. Wannan darasi, da a murya zalla aka naɗe shi aka matse, ba zai kai megabait 30 ba, da a rubuce yake kuwa ko megabait ɗaya ba zai cika ba. Ilimin da ke ciki kusan ɗaya ne, sai fa a darussan da dole a ga hannun malami yana aiki, amma kuɗin da ɗalibi zai biya ya bambanta ninkin ba ninkin. Ɗalibin da ke da kwasa-kwasai shida a zango, kowanne da lakcar awa biyu a mako, zai iya buƙatar gigabait 24 ko fiye a wata don kallon lakca kawai, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi ya zama naira 70,000 a 2024, kuma mafi yawan mutane ba ma albashin suke ɗauka ba. Me ya sa to ake dagewa kan bidiyo kai-tsaye? Saboda shi ya fi sauƙi ga malami, ya kunna kyamara ya yi abin da ya saba yi a aji, kuma shi ya fi kama da ci gaba idan aka nuna wa baƙi. Rubuta darasi mai kyau wanda ɗalibi zai fahimta shi kaɗai ba tare da malami a gabansa ba aiki ne mai cin lokaci da ƙwarewa, kuma ba kasafai ake biyan malamai ladansa ba. Darasin kai-tsaye yana da wani aibin: yana rushe babban alherin karatu daga nesa, wato 'yancin zaɓen lokaci. Idan aka ce lakca ƙarfe huɗu na yammacin Talata, an cire ɗan kasuwa, an cire ma'aikaciyar jinya mai aikin yamma, an cire duk wanda wayarsa ke wurin mai caji a wannan lokaci.

Sabis kuwa ya bi kwalta da kasuwa. Kamfani yana kafa turke inda zai mayar da kuɗinsa, don haka birane ke da 4G har da 5G, ƙauyuka da yawa kuma suna kan tsohon layin da kira da gajeren saƙo kawai yake iya ɗauka. Tsarin faɗaɗa intanet na ƙasa na 2020 zuwa 2025 ya sa burin kai wa kashi 70 cikin 100 na jama'a, amma har ƙarshen 2024 ba a kai kashi 50 ba. Rashin tsaro ya ƙara dagula lissafin. A watan Satumba na 2021 aka katse layukan sadarwa a jihar Zamfara baki ɗaya domin yaƙi da 'yan bindiga, daga baya matakin ya shafi wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato da Kaduna, wasu wuraren makonni, wasu watanni. Ko mene ne ra'ayin mutum kan wannan mataki ta fuskar tsaro, ɗalibin intanet da ke Gusau ko Ƙaura Namoda a lokacin an rufe masa makaranta ne, alhali abokan karatunsa na wasu jihohi suna ci gaba, wa'adin jinga da na rajista kuma suna tafiya. Abin baƙin cikin shi ne yankunan da aka rufe makarantun kwana saboda satar ɗalibai, kamar yadda aka yi bayan abin da ya faru a Ƙanƙara da Jangebe, su ne suka fi kowa buƙatar karatu daga nesa, kuma su ne sabis ya fi yi wa wuya.

Sai tambayar wayar wa. Ƙididdigar layukan waya tana ruɗarwa, domin mutum ɗaya na iya riƙe layi uku, gida mai mutum goma sha biyu kuma yana iya zama da babbar waya ɗaya tak, wadda ke aljihun maigida, ta fita da shi da safe ta dawo da shi da dare. Yarinya budurwa ita ce ta ƙarshe a layin aro, kuma a gidaje da yawa ba a yarda ta riƙe babbar waya ba saboda tsoron abin da za ta gani ko wanda zai same ta. Ba na raina wannan tsoro, domin iyaye sun ga abin da suka gani. Amma sakamakonsa shi ne wadda aka cire daga makaranta da alƙawarin za ta ci gaba daga ɗakinta, ta tarar ɗakin ma ba a ba ta mabuɗin karatun ba. Inda wayar ta samu ma, yawanci mai ƙaramin rumbu ce, manhajar karatu ɗaya da littattafai biyar sun cika ta, ga karanta shafi 300 a kan gilashin da bai fi tafin hannu ba, wanda aka tsara shi tun asali domin babban allon kwamfuta.

Akwai rukunin da ya kamata a ce intanet ta zame musu babbar rahama, wato masu buƙata ta musamman. Gurgun da hawa benen jami'a ke gagara, makahon da littafin rubutun makafi ke yi wa tsada da wuyar samu, kurman da ke zaune a lakca yana kallon leɓen malami, dukkansu fasahar zamani tana da amsar matsalarsu. Makaho a yau yana sarrafa waya da kwamfuta da manhajojin da ke karanta masa abin da ke kan allo da murya, irin su TalkBack a wayoyin Android, da JAWS da NVDA a kwamfuta, ta ƙarshen ma kyauta ce. Na zauna kusa da wani ɗalibi makaho yana yawo da yatsa a kan wayarsa, muryar na zuba da saurin da ni ban iya kama ko kalma ɗaya ba, shi kuwa yana shiga saƙonni yana fita kamar mai ido. Sai ya buɗe littafin kwas da aka turo musu, muryar ta yi tsit. Dalili shi ne wanda ya ɗora littafin hoton shafukan ya ɗauka ya haɗa su, don haka a wurin manhajar babu harafi ko ɗaya a ciki, hoto ne kawai. Da ainihin rubutun aka ɗora, wanda yana nan a kwamfutar marubucin, da babu ƙarin ko kwabo, kuma da fayil ɗin ya fi sauƙin saukewa ga kowa. Haka yake cin karo da maɓallan da ba a sa musu suna ba, da jadawalin da aka liƙa a matsayin hoto, da 'yan haruffan nan masu karkacewa da ake cewa mutum ya kwafa kafin ya shiga shafi. A kowane ɗayan waɗannan sai ya nemi mai ido, ya ba shi lambar sirrinsa, 'yancin da fasahar ta ba shi ya koma hannun wani.

Kurma kuma bidiyon da babu rubutu a ƙasansa, babu mai fassara da hannu, daidai yake da allon da ba a rubuta komai ba. Rubutun ƙasan bidiyo da na'ura ke yi da kanta yana yawan tuntuɓe da lafazin Turancinmu, balle a zo ga Hausa. Nan ne ma za a gane cewa shawarar komawa ga murya zalla, wadda ke ceton mai ƙarancin data da makaho, ita ce ke rufe wa kurma ƙofa, don haka kowane darasi yana buƙatar ya zo ta fuska fiye da ɗaya, a rubuce da kuma a murya. Doka ba ta yi shiru ba. A watan Janairu na 2019 aka sa hannu kan dokar hana nuna wariya ga nakasassu, wadda ta ba su haƙƙin ilimi ba tare da tsangwama ba, aka kuma kafa hukumarsu ta ƙasa a 2020. Nijeriya ta amince da Yarjejeniyar Marakesh, wadda ta shafi sauƙaƙa wa makafi samun littattafai, a 2017, sabuwar dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a 2023 kuma ta halatta mayar da littattafai zuwa siffar da makafi za su iya karantawa. Hukumar JAMB tun 2017 take shirya wa makafi jarrabawa a cibiyoyi na musamman, abin da ya nuna cewa idan hukuma ta sa kanta abin yana yiwuwa. Sai dai idan aka ce a sauƙaƙa wa nakasassu shiga, hankalin mutane yana tafiya ga gangaren siminti a bakin ƙofar ofis, ba a tuna cewa shafin intanet ma gini ne mai matakala.

Harshe wani shinge ne da ba a gani da ido. A aji, malamin da ya ga ɗalibai sun yi zuru yakan sauko ya maimaita da Hausa, ya kawo misali daga kasuwar garin, su ce yanzu muka ji. Ba a rubuta wannan a manhajar koyarwa ba, amma da shi dubban ɗalibai suka tsallake. A intanet wannan tsani babu shi: darasi da Turanci, umarnin shafi da Turanci, saƙon da ke gaya maka ka yi kuskure ma da Turanci ne na masu kwamfuta. Kuma iya WhatsApp da TikTok daban, iya karatu da na'ura daban. Wanda ya ƙware wajen tura saƙon murya yana iya rasa yadda zai buɗe imel, ya rage girman hoton fasfo, ya ɗora fayil. Tun da JAMB ta koma jarrabawa da kwamfuta gaba ɗaya a 2015, malaman karkara suke ba da labarin yaran da ranar jarrabawa ce ranar farko da suka taɓa dafa allon madannai. Irin wannan ɗalibi dole ya jingina da mai shagon intanet, shi zai yi masa rajista, ya biya masa kuɗin makaranta, ya riƙe lambobin sirrinsa, kowane zuwa da kuɗin mota da na aiki, kuskuren harafi ɗaya a suna ko ranar haihuwa kuma, musamman yanzu da komai ke rataye da lambar NIN, yana iya cin watanni kafin a gyara.

Wanda ya tsallake duk waɗannan zai tarar da kaɗaici. Ko a ƙasashen da wuta da intanet ba abin damuwa ba ne, masu barin karatun nesa a hanya sun fi na karatun aji yawa. Buɗaɗɗiyar Jami'ar Ingila, wadda aka kafa a 1969 kuma ta zama abin koyi ga sauran, tun farko ta haɗa darussan rediyo da talabijin da littattafan da ake aikawa ta gidan waya da malamin da ke kula da ƙaramin rukunin ɗalibai, yana duba aikinsu yana rubuta musu gyara. Wannan malami shi ne ɓangaren da ya fi tsada, shi ne kuma wanda ake fara zaftarewa idan ana son a tara ɗalibai da yawa da kuɗi kaɗan. Ɗan gidan 'yan boko idan ya maƙale yana da yaya ko kawu da zai tambaya. Wanda shi ne na farko a zuriyarsu da ya kai wannan mataki ba shi da kowa sai lambar wayar ofis, idan ba a ɗaga ba shi ke nan.

Gyaran wuta da shimfiɗa layukan intanet aikin gwamnati ne na shekaru, kuma dole a ci gaba da matsa mata. Amma kuskure ne jami'o'i da ma'aikatun ilimi su naɗe hannu suna jiran ranar, domin kusan rabin shingayen da aka ambata su suka gina su da hannunsu, su ne kuma za su iya rushe su a zango ɗaya. A tsara kowane darasi da tunanin ɗalibar da ke tsaye a jikin katanga da sanda ɗaya ta sabis: rubutu na ainihi mara nauyi, murya da za a sauke sau ɗaya a saurara ba tare da data ba, bidiyo gajere mai rubutu a ƙasa inda ya zama dole kawai, shafin jinga da ke adana amsa ko layi ya yanke, da wa'adin da ke da sassauci ga yankin da aka san an ɗauke wuta ko an katse sadarwa. Wanda ke da intanet mai ƙarfi bai yi asarar komai ba idan aka yi haka. Akwai kuma misalan da ke nuna hanya. Dandalin Nigeria Learning Passport da Ma'aikatar Ilimi ta ƙaddamar tare da UNICEF da Microsoft a watan Maris na 2022 ya tanadi darussa har da na Hausa, kamfanin Airtel kuma ya cire kuɗin data ga masu shiga ta layinsa. Babu abin da zai hana a nemi irin wannan yarjejeniya domin shafukan manyan makarantu. Rediyo ma bai tsufa ba: shi jihohi irin su Kaduna da Kano suka koma wa lokacin kulle, kuma Hukumar Ilimin Makiyaya da aka kafa a 1989 ta daɗe tana isa ruga ta shirin Don Makiyaya a Ruga a Rediyon Nijeriya Kaduna.

Misalin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na gidajen gyaran hali. Jami'ar NOUN tana da cibiyoyin karatu a cikin wasu daga cikinsu, ta yafe wa fursunoni kuɗin makaranta, kuma an sami waɗanda suka kammala digiri har da na biyu a tsare. Mutanen nan ba a yarda su riƙe waya ba, ba su da data, ba sa fita ko'ina. Abin da aka ba su shi ne ɗaki, da littattafai, da 'yan kwamfutoci na tarayya, da lokacin da aka keɓe, da mai kula da su. Irin wannan ɗaki, da faifan sola a rufinsa, da darussa a ajiye cikin kwamfuta ɗaya da wayoyi za su kwasa ba tare da intanet ba, da ranakun da aka ware wa mata zalla, bai fi ƙarfin aji ɗaya na makarantar firamaren gari ko ta Islamiyya ba bayan an tashi yara.

Kafin a kai can, akwai abin da ya kamata Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, ta wajabta wa duk mai koyarwa daga nesa: ya daina ba da adadin waɗanda suka yi rajista kaɗai, ya riƙa bayyana nawa suka kammala, daga waɗanne ƙananan hukumomi, mata nawa, makafi da kurame nawa, a wane zango kuma aka fi zubewa. Wanda ya bar aji ana ganin kujerarsa babu kowa, wanda ya bar karatun intanet kuwa babu mai lura sai shi da iyalinsa. 'Yar'uwar tawa ta sake kwas ɗin nan a zango na gaba, ta sake biyan kuɗinsa. Yanzu duk ranar Asabar ta makon jinga takan hau babur da goyonta zuwa hedikwatar ƙaramar hukuma, ta zauna a gidan wata ƙawarta da ke da sola, ta aika aikinta tun da rana, ta kamo hanya kafin magariba.